Nasiha ga Sababbin Jami'an Horar da Ma'aikata

Ƙannena, da yawa daga cikinku kun tsinci kanku a sashen horar da ma'aikata ba tare da kun nema ba. Wani tattalin arziki ya karanta, wata aikin jinya, wani kuma bautar ƙasa ce ta kai shi ofis, aka ga yana da baki, aka ce to daga yau kai ne mai shirya mana bita. A ma'aikatun gwamnati da bankuna da kamfanonin waya da asibitoci da ƙungiyoyin agaji duk akwai irin wannan kujera, kuma ba kasafai ake zaunar da sabon shiga a faɗa masa ainihin aikin ba. Sai dai a miƙa masa fayil ɗin bitar bara a ce ya yi irinta. Da ku nake magana, domin aiki ne da nake ganin girmansa, kuma yadda ake wasa da shi yana yi mini ciwo.

Fayil ɗin bara zai koya muku shirya taro. Za ku ga takardar kama zaure, da ta buga kyallen da ake ratayawa a bango, da kuɗin jaka da biro, da na shayi da abincin rana, da rajistar mahalarta, da jerin waɗanda suka sa hannu suka karɓi alawus, da hoton da aka ɗauka a bakin ƙofa. Duk sai an yi su, kuma a yi su da kyau. Amma abin da aka ɗauke ku dominsa ba ya cikin fayil ɗin nan. Yana can wurin aiki, ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan bita, sa'ad da ma'aikaci ya koma teburinsa ko gaban injinsa. Shin hannunsa ya canja, ko yadda ya saba haka ya ci gaba? In bai canja ba, kuɗi sun tafi a banza, kwana uku sun salwanta, komai daɗin da mahalarta suka ji.

Don haka kafin ku rubuta ko layi ɗaya na jadawalin bita, ku tashi ku je ku ga aikin da idonku. Gani ya kori ji. Ku ɗauki ƙaramin asibitin ƙauye inda ake ajiye allurar rigakafi. Ƙa'ida ita ce yawancin alluran su zauna a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, a duba ma'aunin sanyi safe da yamma, a rubuta a takardar da ke manne a jikin firij ɗin. Rahoto ya iso ofis cewa allurai na lalacewa, shugaba ya ce a shirya wa ma'aikata bita kan adana rigakafi. Wanda ya daure ya je ya tsaya gaban firij ɗin zai ga abin da rahoto bai faɗa ba. Takardar a cike take, amma daga ɗaya ga wata har talatin lamba ɗaya ce, 4, 4, 4, biro ɗaya, hannu ɗaya, da gani a zama guda aka cika ta. Ya tambayi ma'aikaciyar cikin lalama, ba da muryar mai bincike ba, sai ta karanto masa ƙa'idar tiryan-tiryan babu gargada. Ta san ta sarai. Ma'aunin ne ya mutu tun kafin azumi, ta rubuta neman sabo har yau shiru. Batirin hasken rana ya yi sanyi, firij ɗin a kashe yake wayar gari. Ita kaɗai ce kuma ke awon ciki, ita ke allura, ita ke yankar kati. In aka kwashi wannan baiwar Allah aka kai ta otal kwana uku ana nuna mata abin da ta riga ta sani, za ta dawo ta tarar da mataccen ma'auninta yana nan inda ta bar shi, ga kuma matan da suka yi ta zuwa awo suna komawa gida a kwanakin da ba ta nan.

A 1970 wasu mutum biyu, Robert Mager da Peter Pipe, suka fitar da ɗan littafi kan yadda ake gano musabbabin gazawa a wurin aiki. Tambayar da suka fi shahara da ita mai sauƙi ce: da a ce ran mutumin nan ya rataya a kan yin aikin daidai, zai iya yin sa? In amsar ita ce zai iya, to ba rashin sani ke damun sa ba, kuma horo ba zai yi masa magani ba. Sai a duba kayan aiki, ko yawan aikin da aka jibga masa, ko umarni biyu masu karo da juna daga shugabanni biyu, ko kuma wurin ya zama inda mai yin daidai ke shan wahala, mai ha'inci kuwa ba abin da ke samun sa. Ku riƙe wannan tambayar, za ta hana ku ɓarnar kuɗi mai yawa.

Na san nauyin da ke cikin komawa wurin shugaba da irin wannan amsa. Shi bita ya ce a yi, bita ce ke da kasafi, ita ce kuma za a sa a rahoton ƙarshen shekara. Ba a ce ku yi masa gardama a gaban mutane ba. Ku same shi shi kaɗai, da takarda shafi ɗaya, ku ce: ranka ya daɗe, na je na gani, mutanen nan sun san aikin, ma'auni suke buƙata da gyaran batir, ga kuɗin, ga kuma na bitar, sai abin da kuka ce. Wani shugaban zai ji, wani ba zai ji ba. Ko bai ji ba kun sauke nauyi, kuma daga ranar ya san cewa ku masu zuwa ku gani ne.

To, wani lokacin kuma rashin sanin ne da gaske. An kawo sabon inji, ko sabuwar manhaja, ko an ɗebi sababbin ma'aikata. A nan ne ake bukatar ku iya koyarwa, kuma a nan nake so in daɗe, domin iya aiki daban, iya koyar da shi daban.

A 1940, Yaƙin Duniya na Biyu na ci, gwamnatin Amurka ta kafa wani shiri na horo a cikin masana'antu da ake kira TWI. Ana kwashe ƙwararru zuwa fagen daga, masana'antu kuma na cika da sababbin hannu, ciki har da mata da yawa da ba su taɓa riƙe sifana ba. Masu shirin ba su tara leburori a zaure ba. Su foman suka kama, suka koya musu yadda ake koyarwa, a kwas na awa 10 kacal, zama biyar, kowane zama awa biyu, mutum kamar goma a aji. Kafin a rufe shirin a 1945 mutum fiye da miliyan 1.6 sun samu shaidarsa a masana'antu sama da 16,000. Bayan yaƙi aka kai tsarin Japan, kamfanin Toyota ya rungume shi, ya zama ɗaya daga cikin tushen yadda yake horar da ma'aikatansa.

A zaman farko malamin yakan zo da guntuwar wayar lantarki mai harshe biyu. Akwai wani ƙulli da masu haɗa wuta ke yi don kada waya ta zame daga mazauninta in an ja ta. Sai ya bayyana wa mutum ɗaya yadda ake ƙullin da baki kawai, dalla-dalla, ba kuskure a bayaninsa, ya miƙa masa wayar ya ce bismillah. Ya kasa. Sai ya tsaya gaban wani, ya yi ƙullin a kan idonsa ba tare da ya ce uffan ba, ya miƙa masa. Shi ma galibi ya kasa, domin daga gaba ya kalla, dama ta zame masa hagu. Sannan malamin ya kira na uku, ya tsayar da shi a gefensa suna fuskantar wuri ɗaya, ya kwantar masa da hankali, ya tambaye shi abin da ya riga ya sani. Ya yi ƙullin a hankali yana faɗin kowane mataki, ya sake yi yana nuna wuraren da in an kuskure su aiki ya ɓaci. Ya ba shi ya gwada, ya gyara masa tun kuskuren bai zauna ba, ya sa shi ya sake yi yana faɗi da bakinsa abin da hannunsa ke yi. Ba a daɗe ba mutum ya iya. Mataki na ƙarshe shi ne a bar shi ya kama aiki, a faɗa masa wanda zai tambaya in ya maƙale, a riƙa leƙo shi akai-akai da farko, sannan a riƙa ja da baya. Aƙidar shirin kuwa ita ce in ɗalibi bai koya ba, a wuyan malami laifin yake. Wannan aƙida na da ɗaci, amma ku ɗauke ta, domin ita ce ke hana mai koyarwa fakewa da cewa mutanen nan ba sa ganewa.

Rabin wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Yaron tela hannunsa na faɗawa ne saboda kullum yana kan keke, maigida na gefe yana cewa warware, sake. Abin da ke ƙaranci a shagon shi ne faɗin dalili, da tsara abin da za a koya gaba da baya, shi ya sa yaro kan shekara yana guga da aike kafin a bar shi ya taɓa almakashi. Bitar otal kuma ta ɗauki ɗaya rabin ta yar da wannan: bayani tuli a majigi, hannu bai taɓa komai ba. Ku haɗa biyun. In kuna koyar da cika fam, ku zo da ainihin fam ɗin da ake cikawa, kowa da nasa. In manhaja ce, kwamfuta ɗaya ga mutum goma na nufin ɗaya ya koya, tara sun yi kallo. Gara ku raba su rukuni-rukuni a ranaku daban-daban. A ganina, duk zaman da mahalarta ba su shafe fiye da rabinsa suna yin abin da hannunsu ba, lacca aka yi.

Ku kuma daina tambayar "kun gane?" Mu mutane ne masu kara. Dattijon da ya shekara ashirin da biyar yana aiki ba zai ɗaga hannu gaban 'ya'yan cikinsa ya ce bai gane ba, kuma ba girman kai ba ne, mutuncinsa yake karewa. Mata da yawa sukan zauna daga baya su yi shiru in maza sun cika zaure, alhali su ne za su yi aikin in an koma. Kowa zai amsa da "mun gane" don ya girmama ku. Hanyar sanin gaskiya ita ce ku ba da aiki a ƙananan rukuni, ku zagaya kuna duba hannu, wanda ya kuskure ku gyara masa da murya ƙasa-ƙasa, ku kira shi Baba ko Hajiya ko Malam yadda ya dace da shi. Wanda kuka kunyata sau ɗaya ya rufe kunnensa har a tashi. Sannan harshe: in da Hausa mutane ke gudanar da aikinsu, da Hausa ake koya musu, ko da takardun da Turanci ko Faransanci suke. Ba a zaure ake nuna wa direbobi da masu gadi da ungozoma yawan Turancin da aka sani ba. Ku tsara jadawali da lokutan salla a cikinsa tun farko, ku tanadi wurin da mai goyo za ta shayar, kada ku sa abu mai nauyi bayan abincin rana.

Ko an koyar da kyau, mantuwa na nan tana jira. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kan kansa ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum ke mantawa a sa'o'i da kwanakin farko yake zubewa, kuma maimaici da aka rarraba a kan kwanaki ya fi wanda aka cusa lokaci guda zama a kai. Ma'anar wannan a aikinku a fili take. Kwana biyar a jere, daga safe har la'asar, ya fi sauƙin shiryawa, amma kwana ɗaya-ɗaya da mako a tsakani, mutum ya je ya gwada ya dawo da tambaya, ya fi amfani in nisa bai hana ba. Inda nisa ya hana, saƙon murya na minti biyu a WhatsApp bayan mako ɗaya, da kiran waya bayan wata, suna yin aikin da ba za ku zata ba.

Mutumin da ya fi ku tasiri a kan ko horo zai kama, shi ne shugaban ma'aikacin na kusa. In ma'aikaci ya dawo da sabuwar hanya ogansa ya ce mu nan ba haka muke yi ba, magana ta ƙare. Don haka ku same shi tun kafin bita, ku tambaye shi abin da yake so ya ga ya canja, ku gaya masa abin da za a koyar, ku roƙe shi ya ba yaronsa damar gwadawa a makon farko. Wannan zaman na minti ashirin ba ya cin ko sisi, kuma shi aka fi tsallakewa.

Takardar da ake rabawa ranar rufe bita, wadda mahalarta ke cewa abinci ya yi daɗi, malami ya ƙware, ba ta da laifi, amma ku san iyakarta. A 1959 wani mai suna Donald Kirkpatrick ya rarrabe matakai huɗu na auna horo: ko mutane sun ji daɗinsa, ko sun koyi wani abu, ko halinsu a wurin aiki ya canja, ko kuma ma'aikatar ta ga sakamako. Yawancin ofisoshi a na farko suke tsayawa. Ba sai kuna da digiri a lissafi za ku wuce nan ba. Ku zaɓi abu ɗaya da ake iya ƙirgawa, kamar yawan fam da ake dawowa da su saboda kuskure, ko yawan kayan da ke fashewa wajen lodi, ku rubuta adadinsa kafin horo, ku koma bayan wata uku ku sake ƙirgawa. In bai motsa ba ku rubuta cewa bai motsa ba. Rahoton da ya faɗi gaskiya kan bitar da ba ta ci ba ya fi goma masu cewa an kammala cikin nasara.

Yanzu maganar da ba a so a yi. Inda alawus yake, nan alfarma ke taruwa. Za a kawo muku suna a ce a sa, mutumin da aikinsa bai shafi darasin ba ko kaɗan. Za ku ga fuskar da ba ta rasa kowace bita, yau ta lissafin kuɗi, gobe ta kashe gobara, yayin da mai yin ainihin aikin ya shekara goma ba a taɓa tura shi ko'ina ba. Za a ce ku ƙara kwana ɗaya a takarda, ko ku karɓi rasiɗin da ba a rubuta kuɗi a kansa ba. Albashi bai isa ba, na sani, kuma ban raina halin da ke sa mutum ya sa ido a kan kuɗin zama ba. Amma kujerar da aka ba ɗan alfarma haƙƙin wani ce, wanda zai ci gaba da yin kuskuren da ba a koya masa gyarawa ba, wani lokacin a kan lafiyar mutane. Abin da ke kare ku shi ne rubutacciyar ƙa'ida: wa ya cancanci wannan horo, da wane dalili, shugaba ya sa hannu tun kafin sunaye su fara zuwa. In an matsa muku, sai ku nuna takarda. Kuma duk wanda ya sa hannu a rasiɗin ƙarya sau ɗaya, ya ba wani igiyar da zai riƙa jan sa da ita har ya bar aiki.

Waɗanda ke kamfanoni a Najeriya, ku san dokar da ta shafi kujerarku. Asusun horar da ma'aikata na ITF, mai hedikwata a Jos, an kafa shi a 1971. Bisa dokarsa, yadda aka gyara ta a 2011, kamfanonin da ta hau kansu na biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara, kuma asusun na iya mayar wa kamfani har rabin abin da ya biya in ya gamsu da horon da ya yi wa ma'aikatansa. Wannan kuɗi ba ya dawowa sai da tsari da shaida a rubuce, kuma jami'in horo ne ke tara su. Ku je ofishinsu mafi kusa ku tambayi sharuɗɗan da ake bi a yanzu. Ku ma kanku kuna bukatar horo. Akwai kwalejin ASCON ta manyan ma'aikata a Badagry, akwai Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya, wadda ta faro a 1947 a matsayin makarantar horar da akawuna. Sai dai kada tara satifiket ya shagaltar da ku. Ku nemi wanda ya iya koyarwa ku zauna a bayan ajinsa, ku kuma roƙi wani mai faɗin gaskiya ya zauna a bayan naku.

Akwai mutum biyu da kasafin horo ke mantawa da su, kuma su na fi so ku tuna. Na farko sabon shiga: ɗan bautar ƙasa, ko ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda ake barin sa wata shida yana sayo abinci da ɗaukar fayil. Ku rubuta masa abin da zai koya mako-mako, ku haɗa shi da mutum ɗaya da zai riƙa tambaya. Na biyu shi ne mai shirin tafiya. A aikin gwamnatin Najeriya galibi mutum na ritaya ne in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, kuma ranar tafiyarsa sananniya ce tun shekaru kafin ta zo. Duk da haka sai a yi masa walima a ba shi agogon bango, ya fita da abin da ba a rubuta a ko'ina ba: ƙarar da janareta ke yi kwana biyu kafin ya tsaya, wane bututu ne ya bi ta ƙarƙashin wane gini, yadda ake shawo kan mai unguwar da ya ƙi a shiga gidajensa. Irin wannan sani ba ya fitowa in an ce mutum ya rubuta. Yana fitowa ne in an tsaya kusa da shi yana aiki ana tambayar sa me ya sa ya yi haka. Ku je wurin jami'in kula da ma'aikata a makon nan ku karɓi jerin waɗanda za su yi ritaya bana da baɗi. Ku fara da wanda ranarsa ta fi kusa, ku gaishe shi da girmamawa, ku nemi izininsa, ku haɗa shi da matashi mai kunne tun yana nan.